Gwaggo Tambaya Ta Mutu Sau Biyu

Sallama gare ku masu karatu, na da da waɗanda yau suka fara leƙowa. Na ji masu cewa ni Kulu taurin kai ya yi mini yawa, wai da na bi maganar Attahiru da ban sha wahala ba. To ku gyara zama. Yau zan ba ku labarin ranar da taurin kan nawa ya kai maƙura, in kun gama sai ku zage ni da hujja.

Bazarar 1957 ce, ranar Talata, saura kwana goma a ɗaura mini aure. Shekarata ashirin da ɗaya, bazawara ce ni, auren fari ya mutu tun ban gama sanin inda ake ajiye gishiri a gidan ba. Ina zaune a Gusau bayan tashar jirgi tare da Gwaggo Tambaya, ƙanwar babana, wadda ta ɗauke ni riƙo tun ranar da aka yaye ni. Ɗakinmu ɗaya ne, na ƙasa, amma ku zo ku ga jere. Tasoshi sun kai rufi, ga gadon ƙarfe mai rumfa, ga garmaho a kan akwati an lulluɓe shi da adiko kamar amarya.

Gwaggo 'yar wasan kwaikwayo ce. Eh, mace, a wancan zamanin, a ƙasar Zamfara. Ku rufe bakin.

Tun tana garinmu Bungudu ba a biki sai da ita. In ta ɗaura zane a ƙirji ta kwaikwayi tafiyar matar mai unguwa, sai tsofaffi sun riƙe ciki suna neman ruwa. Da mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, ta dawo Gusau tana tuwon sayarwa. Nan masu majigi suka same ta. Suna neman macen da za ta yarda a ɗauki hotonta, kowace suka tunkara sai ta ja mayafi ta ruga. Har sun yanke shawarar ɗaura wa wani ƙato kallabi, Gwaggo ta ajiye mara ta ce, "Haba! Da wagga ƙasumba? Ku kauce, ga mace nan." Majigi huɗu ta fito, na auduga, na tsabtar rijiya, na Yaƙi da Jahilci, da na lambar rigakafin agana. Duk Sallah kuma tana hawa dandali a filin makaranta, mutane har kan katanga.

Na lambar nan shi ya raba ta da gida.

A cikinsa ta fito a matar da ta ƙi a yi mata lamba, agana ta kama ta, ta mutu. Aka naɗe ta a likkafani, aka ɗora a makara, aka nuna fuskarta kafin a rufe. Masu shirin ba su ga dalilin sauya mata suna ba, Tambaya take, Tambaya suka bar ta. Ita kuma ba ta san za a kai shi Bungudu ba, ce mata aka yi na ƙasar Kano ne.

Wata ranar kasuwa bayan magariba aka kafa farin allo a filin Bungudu. Kakata, uwar Gwaggo da Baba, tana gefe da farantin dafaffiyar gyaɗa. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin majigi ba. Ta ɗaga kai sai ga fuskar ɗiyarta cike da allo, ido a rufe, an ɗaure haɓa. Sai ga murya daga lasifika, "Allah ya ji ƙan Tambaya, ta ƙi lamba, agana ta kashe ta."

Kaka ta faɗi, gyaɗa ta watse. Rabin garin suka ɗauki salati. Wa zai ce musu ƙarya ce? Ga fuska, ga suna, ga makara, kuma motar gwamnati ce ta faɗa. Baba ya shimfiɗa tabarma ya karɓi gaisuwa kwana uku, aka yi gumba, aka yi sadaka. Kaka ba ta sake tashi ba, rana ta tara ta cika, tana kiran sunan ɗiyarta. Mu muna Gusau muna tuƙa tuwo, ba mu san komai ba, don shi Baba ya ɗauka ni ma aganar ta kwantar da ni, tsoro ya hana kowa zuwa.

Da labari ya iso muka hau mota muka tafi. Gwaggo na sauka a bakin kasuwa mata suka zubar da ƙwarya suka ruga suna ihun fatalwa. Baba ya tsaya a ƙofar zaure, ya dube ta tun daga kallabi har ƙafa, ya juya ya sa sakata. Shekara uku ke nan bai sake furta sunanta ba. Ni ya aiko in dawo gida, na ce ba inda za ni.

Sai Allah ya kawo Attahiru.

Malamin tasha ne a Tsafe. Dogo, baƙi mai sheƙi, kullum cikin farin wando da kwat, jar dara a karkace, alƙalami biyu a aljihu kamar guda ba ya isa. Tuwo ya zo ci wurin Gwaggo ya ga ina karanta takardar da aka ƙunso gishiri a ciki, shi ke nan. Kullum jirgin safe ya shigo sai mai tuta ya miƙo mini wasiƙa, a bayan takardar kaya yake rubutawa. "Kulu, jiya na ba jirgi hannu ina tunaninki, saura kaɗan in tura shi Kaura alhali Zariya za shi." Maƙaryaci. Amma ina karantawa sau biyar, in cusa ƙarƙashin matashi. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba, son da ke hana ni cin abinci.

Mahaifinsa magatakardan alƙali ne a Gusau, gidan da ko dariya sai an auna ta. Da ƙyar suka yarda da 'yar riƙon mai majigi, bisa sharaɗin ubana ne da kansa zai ba da ni. Baba ya yarda, shi ma da nasa sharaɗin: in koma Bungudu kafin ranar, kuma Gwaggo ba za ta taka gidan ba. Na ce a fasa. Gwaggo ce ta kama kunnena ta murɗa. "Ke, tahi ki yi aurenki. Ni biki nawa na gani?" Har an kai akwatin lefe Bungudu.

Tari ya daɗe yana cin ta, tana ɓoyewa da barkwanci. Ranar Litinin da la'asar ina shafa mata man shanu a ƙafa ta ce in matso.

"Kulu."

"Na'am, Gwaggo."

"In ta faru, ki kai ni wurin Inna."

"Ki bar wagga magana don Allah."

"Ki saurara, ja'ira. Ban samu na ce mata wasa ne ba. Ta tahi tana ganin na mutu ban yi mata sallama ba. Ki kwantar da ni kusa da ita, bayan gida. Ba ni son komi sai wannan."

Na ce na ji. Ta ce in rantse, na rantse. Da asubar Talata ta cika, hannunta cikin nawa.

Ban yi ihu ba. Na rufe mata ido, na kira tsofaffin maƙwabta suka yi mata wanka. Wata ta buɗe akwati tana neman farin ƙyalle, sai ta jawo likkafanin wasan nan, wanda Gwaggo ke hawa dandali da shi. Na fizge na jefa ƙarƙashin gado, na ce ba da wannan ba. Aka sayo sabon alawayyo a kanti.

Mazan unguwa suka taru, suka ce zafi ya yi yawa, a gaggauta, a kai ta maƙabartar baƙi ta bayan tasha, inda ake rufe leburorin da ba a san danginsu ba. Gwaggo Tambaya, mai uwa mai uba, mai gida guda a Bungudu! Na yafa mayafina baƙi mai bakin zare na nufi tasha, na tsaya gaban malamin waya na ce ya buga wa Tsafe.

"GWAGGO TA RASU. ZAN KAI TA BUNGUDU. KULU."

Ina tsaye yana ƙwanƙwasa ƙarfensa. Ba a jima ba amsa ta zo, ya rubuta ya miƙo mini yana kauda ido.

"ALLAH YA JI ƘANTA. KADA KI KAI TA CAN. A RUFE TA GUSAU. KI TUNA JUMA'A TA SAMA."

Na karanta sau biyu. Juma'a ta sama! Matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki tana kwance ba ta gama hucewa ba, shi lissafin Juma'a yake.

"Malam, sake bugawa. NA YI MATA RANTSUWA."

Ƙwas ƙwas ƙwas. Muka jira. Gumi na bin bayana.

"IN KIN JE BABA ZAI JANYE. NAMU MA ZA SU JANYE. KI JIRA NI MU YI SHAWARA."

Malamin waya ya ce, "Akwai amsa?"

Na ce, "Babu. Gawa ba ta jiran shawara."

Na san abin da kuke cewa, ai gaskiya ya faɗa. I, gaskiya ce. Ni ma na san ta tun kafin ya bugo. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ban ga "ina zuwa in kama miki" a takardar ba.

Ina fitowa na ci karo da Garba. Shi ne direban motar majigi, shi ne kuma mai magana a lasifika, muryarsa ce ta yi wa Gwaggo addu'a a filin Bungudu. Shekara uku yana kawo mata goro yana kasa haɗa ido da ita. Ya tsaya da hula a hannu, ido jawur.

"Kulu, an ce Bungudu kike son kai ta."

"Ko a kaina ne."

"Ba sai a kai ba. Ni na kai mutuwar ƙarya, bari in kai ta gaskiya."

Ya sauke injin da allon a ƙofar ɗakinmu, muka shimfiɗa katifa a bayan motar, aka kwantar da ita. Na zauna gefenta ina riƙe da ita kada gargada ta jijjiga ta. Ko mutum ɗaya na unguwar bai biyo mu ba.

Muna shiga Bungudu daidai azahar yaran gari suka hango lasifika a kan mota. Wayyo Allah. Suka biyo mu a guje suna tsalle, "Majigi! Majigi! Yau akwai majigi!" Har da masu tafi. Na sunkuya na ce, "Gwaggo, kin ji, har yau ke suke yi wa." A nan ne hawayen farko ya zubo mini, na share shi da sauri don ban son Baba ya gani.

Malam Jibo, babana ke nan, yana zaune a zaure cikin 'yar shara yana tufkar igiya, Liman na gefensa sun dawo daga masallaci. Gajere ne kakkaura, gemunsa ya yi fari fat tun rasuwar Kaka. Na durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya. Ba jibi-jibi munka ce ki zo ba? Kuma mi ya kawo wagga mota ƙofata?"

"Gwaggo ta cika da asuba. Na kawo ta."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ci gaba da tufka.

"Wace Gwaggo?"

"Ɗiyar Kaka. Ƙanwarka."

"Ƙanwata ta rasu shekara ukku da sunka wuce. Nan na zauna, bisa wagga tabarma, na amshi gaisuwarta. Na yi mata kuka gaban maza. Na rufe uwata saboda ita. Ba a yi ma mutum makoki sau biyu."

Garba ya fito daga mota ya zube a ƙasa. "Malam, laifina ne, ni na faɗi sunan..."

Baba ya ɗago da sauri. "Na san muryar nan." Garba ya ja da baya da gwiwa.

Mutane sun fara taruwa. Liman ya yi gyaran murya ya ce musulma ce, haƙƙinta ne a sallace ta, a kai ta maƙabartar bayan gari kowa ya huta.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba fili ta rasa ba, Gusau ma akwai fili. Kusa da uwarta ta ce."

"Ke!" in ji Baba. "Da Liman kike musu? Gidan ga nawa na. Ba ta shiga da rai ba, ba ta shiga a kwance."

"Gidan ubanta ne ita ma."

Wani a cikin taron ya ce subhanallahi. Wallahi ni kaina na ji nauyin abin da ya fito daga bakina, amma ban mai da shi ba. Baba ya miƙe tsaye.

"Ki saurara da kyau, Kulu. In kinka ƙetare wanga zaure da wagga magana, ki nemi wanda zai ɗaura miki aure. Ba ni ba."

Na tuna farin kwat, na tuna wasiƙun ƙarƙashin matashi, na tuna ɗakin da Attahiru ya ce ya shafe da farar ƙasa a Tsafe. Zuciyata ta ce, Kulu, zauna. Na miƙe, na raɓa ta gefensa na shige.

Shi ke nan abin da ya rage mini. Garba baƙo ne, ba ya shiga. Mazan gari ba wanda zai taɓa ƙasar gidan Malam Jibo ba da izininsa ba. Ni kuwa ɗiyar gida ce, ba mai hana ni.

Inna, mahaifiyata, na tsakar gida da taɓarya a hannu, ta ji komai. Mace ce da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ban gaishe ta ba ma. Na cire mayafi na ci ɗamara da shi, na tuɓe awarwaro na zuba a turmi, na ɗauki dagi da fartanya a jikin rumbu na zagaya bayan ɗakuna.

Damina uku ta shafe tudun kabarin Kaka. Ba abin da ya rage sai wuyan fasasshen tulu a kafe, da busasshen ganyen kabewa. Na tsaya ina kallo. Ku gaya mini, wace mace ce ta taɓa ganin yadda ake haƙa kabari? Mu namu wanka ne da kuka, in an ɗauki makara a kora mu ɗaka. Na yi tunani na ce ai gabas ake sallah, to kai gabas zai duba. Na matsa kaɗan daga tulun, na ja layi daga yamma zuwa gabas, na yi bismillah na kafa dagi.

Ƙasar bazara! Dagin ya yi tsalle ya dawo, kafaɗata ta amsa. Na sake. Na sake. Kafin in tara ƙasa cikin ƙwarya guda tafin hannuna ya tashi. Rana na dukan ƙeyata, atamfata ta manne a jiki. Ina sara ina magana ni kaɗai kamar mahaukaciya, "Ko zuwa gobe ne sai na gama."

Sai na ji ruwa a ƙafata. Inna ce, da tulu a kafaɗa, tana tuttula shi a kan layin da na ja. Ruwan da aka ɗebo tun daga gulbi, na sha da girki. Ba ta dube ni ba. Ta juye shi tas, ta koma ta ɗauko na biyu.

"Inna, zai yi miki faɗa."

"Ita ta yanke miki cibi," ta ce. "Sara."

Ƙasa ta yi laushi. Na kai kusan gwiwa a gefe ɗaya, hannuna ya fashe, ƙotar fartanya ta yi ja. Ta saman danga ina hango kawunan matan maƙwabta. Kafin la'asar duk Bungudu ta ji ɗiyar Malam Jibo na haƙa kabari, maza na zaune a zaure.

Ban ji zuwansa ba. Inuwarsa na gani a cikin ramin.

"Tsaya."

Na ci gaba.

"Na ce tsaya, don ubanki! Kin san inda kike sara?"

Muryar ba ta faɗa ba ce, ta tsoro ce. Na tsaya.

"Fasasshen tulun ga kan kakarki yake. Ta miƙe nan, kudu da arewa. Sara biyu ya rage ki buɗe mata ƙafafu." Ya diro cikin ramin ya fizge fartanyar. "Wa ya ce miki haka ake yi? Kai kudu, ƙafa arewa, a kwantar da mutum bisa damansa ya dubi gabas. Ke kin tashi ki rufe ta fuskarta na kallon Kwatarkwashi!"

"Ban sani ba, Baba. Ba wanda ya koya mini."

"To da ba ki sani ba mi ya kai ki?"

"Wanda ya sani ya ƙi."

Ya dubi hannuwana, ya dubi tulunan Inna biyu a kife. Ya fito ya fara mai da ƙasar da na sha wahalar fitarwa, yana dannawa da ƙafa a hankali ta wajen Kaka. Na ce shi ke nan, ya rufe maganar. Sai na ji ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Ina awonta?"

"Awon mi?"

"Kun ji ko. Ko awo ba ta yi ba."

Ya zari kara guda daga danga ya fita. Na bi shi har zaure na laɓe. Taron ya dare masa. Ya buɗe bayan motar ya hau, ya shimfiɗa karan a gefenta daga kai zuwa ƙafa, ya karya abin da ya yi saura. Sai ya tsaya. Ya ɗora tafin hannunsa a kan likkafanin, wajen kafaɗarta, ya daɗe a haka.

"Haka ta rame?" ya ce.

Shi ya haƙa, shi da 'ya'yan ƙanen kakana biyu da ya kira da hannu. Daidai gefen Kaka, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Babban rami, sannan ƙarami a cikinsa daidai karan. Yana sara hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Na ji yana cewa, "Sau biyu, Tambaya. Sau biyu kin sa ni." Aka sallace ta a ƙofar gida, sahu ɗaya da rabi, Garba a can ƙarshe. 'Yan gida kaɗai suka shigo da ita. Aka ce mata su shiga ɗaka, na tsaya a bayan rumbu na ƙi motsi, ba wanda ya tanka mini. Na ga an jera itace, an sa ganye, an lulluɓe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Na ce a raina, Gwaggo, ga ki ga ta, sai ki yi mata bayani.

Na ɗauka hawayen nan ya wanke har da ni. Ashe ban gama sanin ubana ba.

Ko ƙafa bai wanke ba ya shiga ɗakin Inna. Sai ƙarar ƙarfe a ƙasa, ƙiiii. Akwatin lefena ne, kore mai zanen fure, yake ja ta tsakar gida, ta cikin zaure, har waje gaban mutane.

"Na rufe ta don haƙƙinta ne," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Amma magana na faɗi gaban Liman, ba ni lashe ta. A mai da ma mutanen Gusau kayansu."

Ina tsaye a bakin ƙofar ciki, ɗamara a ƙugu, kallabi ya zame, laka har gwiwa. Kuna jira in ce na faɗi na kama ƙafarsa? Ban yi ba. Da za a mai da ni safiyar nan, motar nan dai zan sake hawa.

Garba ya sunkuya zai ɗauki akwatin ke nan sai ga ƙararrawar keke.

Attahiru. Ya baro tasha, ya hau motar gyaɗa zuwa Gusau, ya ari keke ya taka mil goma sha uku cikin ranar nan. Farin kwat ya koma ja, dara babu, ta faɗi a hanya. Ya jingine keken yana haki. Ya ga motar ba kowa a ciki, ya ga lakar ƙafar Baba, ya ga akwatin. Daga ƙarshe ya hango ni, idonsa ya sauka kan hannuwana. Na ɗauke kai. Yanzu ka zo, bayan an gama?

Ya durƙusa gaban Baba. "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙanta."

Shi ne mutum na farko a garin da ya yi wa Baba gaisuwar Gwaggo ta gaske. Baba ya nuna akwatin da haɓa.

"Ga kayanku nan. Ka sauƙaƙa ma direba."

Attahiru bai ko kalli inda aka nuna ba.

"Na rasa sallarta. Ina roƙon a ba ni izini in tsaya kan kabarinta in yi mata addu'a."

Duk wanda ke tsaye a nan ya san ba namijin da ke ƙetare zauren Malam Jibo sai ɗan gida ko suruki. Shi ma ya sani. Ina jin haushinsa, ina kuma roƙon Allah kada ya tashi.

Baba ya matsa ya cika ƙofar da jikinsa, hannu ɗaya a kan ƙyaure.

"Kabarin cikin gida yake, Malam Attahiru."

Attahiru ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, ya cire ɗaya, ya cire ɗayan, ya jera su a bakin dokin ƙofa. Ya miƙe ƙafa ba takalmi a kan ƙasar mai zafi.

"Na sani, Baba," ya ce. "Zan jira."